Na karye a Kwari, bashi ya yi mini katutu, matata ma ba ta sani ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 43, ina da mata da 'ya'ya biyar, muna gidan haya. Shekara 11 na yi a hannun maigidana kafin ya sallame ni na kama shagona na atamfa da shadda. Tun da dala ta tashi a 2023 kasuwa ta juya mini baya. Yanzu maigidana yana bina naira miliyan 3 da dubu 200, kuɗin kayan da ya ba ni. Na ci bashin miliyan ɗaya da rabi a wani ƙaramin banki, yayan matata ne ya tsaya mini, yanzu sun ce ya koma miliyan 2 da dubu 100. Na kwashi adashi, saura zubin dubu 400 a kaina. Na karɓi sarƙar gwal ta matata na sayar dubu 600 a kan zan mayar mata bayan salla, ga shi salla biyu ta wuce. Ga kuma manhajojin bashi uku na waya, dubu 180, har sun fara tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo wai ni ɓarawo ne. Makon jiya banki ya aiko da wasiƙa da Turanci, na ba ɗana ɗan sakandare ya karanta, ya ce an rubuta na yi "default", kuma za a mayar da ni "bankrupt". Tun ranar yaron ba ya iya haɗa ido da ni. Kayan da suka rage a shago ba su wuce na dubu 900 ba, ina kuma bin mutane kusan miliyan ɗaya da dubu 100. Matata ba ta san komai ba sai zancen sarƙa. Kullum sai in sa manyan kaya in fita kamar ba abin da ke damuna, alhali ba na barci. Wani abokina ya ce in kashe waya in tafi Legas har ƙura ta lafa, wani kuma ya ce zai haɗa ni da mai ba da kuɗi da ruwa in toshe bakin banki. Wani lokacin sai in ji da ma in kwanta kada in tashi. Don Allah a ba ni shawara, a kuma sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya yaye maka, Ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Zan fara da maganar da ka ajiye a ƙarshe, don ita ta fi tayar mini da hankali. Mutumin da ya yi watanni ba ya barci, har ya fara jin da ma kada ya tashi, yana buƙatar likita kamar yadda yake buƙatar kuɗi. Kada ka bari wani ya ce maka raunin imani ne kawai. Damuwa ciwo ce, tana haifar da hawan jini, tana kuma rufe wa mutum ido har ya kasa ganin ƙofar da ke gabansa a buɗe. Ka je a auna jininka cikin makon nan, ka faɗa wa likitan abin da ka faɗa mini ba tare da ka rage komai ba. Akwai sashen kula da irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Idan tunanin ya zo maka da ƙarfi cikin dare, ka tashi matarka ko ka kira ɗan'uwanka a take, kada ka zauna kai kaɗai. Rashinka ba zai biya kowa ko sisi ba. Bashin zai koma kan yayan matarka da ɗan abin da ka bari, ga marayu biyar. Rayuwarka ita ce babban jarin da ya rage wa gidan nan.

To, mu zo kan lissafi. Na haɗa abin da ka lissafa, ya kama naira miliyan 6 da dubu 480. Abin da ke hannunka da wanda kake bi, a takarda, miliyan 2 ne. Na ce a takarda domin kai ma ka san kayan da suka kwana biyu a shago ba sa fita a farashin da aka saye su, kuma ba duk wanda kake bi ne zai biya ba. Giɓin ya kai kusan miliyan huɗu da rabi, watakila ya ɗan fi. Kuɗi ne mai yawa, ba zan rage maka shi ba. Amma yana da iyaka, ana iya rubuta shi a layi ɗaya. Abin da ke hana ka barci ya fi wannan adadin girma, saboda kai kaɗai kake ɗauke da shi, kana kuma kashe sauran ƙarfinka wajen ɓoye shi.

Ina so ka gane yadda aka yi ka karye, don ka daina kallon kanka a matsayin wanda ya ci amanar mutane. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kwari kuwa kasuwa ce da mafi yawan kayanta daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Ka sari turmi a dubu 10, ka bayar bashi a dubu 12, ka rubuta riba. Kafin mai kaya ya biya bayan wata uku, turmin ya koma dubu 16 a wurin sari. A littafi ka ci riba, a kanta kuwa kaya sun ragu. A haka jarin mutane da yawa ya narke suna tsammanin suna juyawa. Masu saye kuma suka ja baya, don wanda ke neman kwanon masara ba ya zancen sabuwar shadda.

Wannan ba laifinka ba ne. Inda ka yi kuskure shi ne lokacin da ka ga rami sai ka shiga cin sabon bashi kana cike tsoho, ka kuma yi shiru. Don haka shawarar abokinka na biyu ka ajiye ta tun yanzu. Mai ba da kuɗi da ruwa a bayan fage ya fi banki tsada, ba shi da hukumar da ke sa masa ido, kuma abin da zai nema jingina shi ne takardar fili ko gidan gado, wato ka jawo 'yan'uwanka cikin abin da ba su ji ba ba su gani ba. Daga yau kada ka ƙara cin bashin ko naira ɗaya don biyan wani bashin. Idan ba ka ɗauki komai a amsar nan ba, ka ɗauki wannan.

Shawarar tafiya Legas ma ba ta da amfani, kuma tana da haɗari. Lambarka ta BVN tana biye da kai duk inda ka je. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire abin da yake bin mutum daga asusunsa na wasu bankunan, idan ya sa hannu a kan wannan izinin lokacin karɓar bashin. Ka ga nisa ba ya ɓoye mutum. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a yau kai mai bashi ne da ya gaza, dokar ƙasa da shari'ar Musulunci duk suna da sassauci a kanka. Ranar da ka kashe waya ka ɓace, ka ba kowa hujjar cewa da ma da niyyar cuta ka karɓa, sai magana ta tashi daga bashi ta koma zargin zamba da cin amana, waɗanda laifuka ne da ake kama mutum a kansu. Kuma wa ka bar wa wutar? Matarka da yayanta.

Yanzu wasiƙar banki. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma masu rubuta irin wannan wasiƙa sun san tsoro na sa mutum ya nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa. Kalmar "default" ba ta nufin komai illa lokacin biya ya yi ba ka biya ba. Ba hukunci ba ce, bayanin abin da ka riga ka sani ne. Shi kuwa "bankrupt" matsayi ne da kotu kaɗai ke ɗora wa mutum bayan an shigar da ƙara an bi matakai, kuma Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 251, Babbar Kotun Tarayya ya ba wannan hurumin. Manajan banki ba ya mayar da mutum haka da wasiƙa. Halin da kake ciki, na wanda bashinsa ya fi ƙarfin abin hannunsa, shi suke kira "insolvent", mu kuma mu ce ya karye, kuma karyewa ba laifi ba ce a kowace doka. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, ko da yake mun san ana yi. Idan aka kira ka, ka je da lauya ko wani babba, kada ka sa hannu a kan alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai: kada ka kuskura ka rubuta wa kowa cak alhali ka san babu kuɗi a asusun. Wata doka ta 1977 ta mayar da wannan laifi mai ɗaurin shekara biyu.

Akwai kalmomin da suka fi waɗannan amfani a gare ka, su ne za ka nema a takardar. "Principal" ita ce uwar kuɗin da ka karɓa. "Interest" shi ne ruwa. "Penalty" tara ce ta jinkiri. Ka karɓi miliyan ɗaya da rabi, an ce yanzu miliyan 2 da dubu 100 ne, ƙarin dubu 600 ke nan, kashi 40 cikin ɗari, ban da abin da ka riga ka biya. Haƙƙinka ne su ba ka cikakken bayanin asusun a rubuce, ka ga nawa ne uwa, nawa ne ruwa, nawa ne tara, da ranar da aka ɗora kowanne. Ƙa'idar GSI ɗin ma uwar kuɗi da ruwa kawai ta yarda a cire, ban da tara. Ka samu wanda ya san aikin banki ko lauya ya duba maka, a gwada da takardar da ka sa wa hannu tun farko. Sannan ka rubuta musu, ka ajiye kwafin da suka buga wa hatimi, kana neman abu biyu: "restructuring", wato a sake tsara biyan a tsawaita lokaci a rage abin da za ka riƙa bayarwa duk wata, da "waiver", wato a yafe tarar da wani ɓangare na ruwan. Ba dole ne su yarda ba, amma banki ya fi son wanda ya zo da ƙafarsa da tayin da zai iya cikawa a kan shari'ar da za ta ci masa lokaci da kuɗin lauya. Idan ka ga an ɗora maka abin da ba ya cikin yarjejeniya, ka fara kai kuka ga bankin a rubuce, in ba su gyara ba ka wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. In kuma wata rana ka ji sun ce sun yi "write-off", kada ka ɗauka an yafe. Sun cire shi ne daga lissafin da suke sa ran samu, amma suna nan suna binka, sunanka kuma yana wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi.

Maganar ruwa kuwa, ka san hukuncinta, ba sai na yi maka wa'azi ba. Ka tuba tsakaninka da Ubangijinka, ka yi iya ƙoƙarinka a sauke maka shi, amma kada haramcin ruwa ya zama dalilin riƙe uwar kuɗin mutane.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da zan faɗa yanzu. Mutum na farko da za ka tunkara ba manajan banki ba ne, matarka ce, kuma a daren nan. Na san abin da kake tsoro: kada girmanka ya zube, kada ta gaya wa danginta, kada ta ce ka cuce ta. Amma ka duba, macen da ke kwana ɗaki ɗaya da kai ta san ba ka barci. Ta ga cefane ya ragu, ta ga kana fita waje in an kira ka a waya. Abin da ba ta sani ba shi ne dalili, kuma zuciyar da ba a ba ta dalili ba takan ƙirƙiro nata, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar muni. Ga kuma masu manhaja suna aika saƙo ga duk wanda ke wayarka. Gara ta ji daga bakinka da ta ji a gidan biki. Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka nuna mata takardar lissafin duka, kada ka rage ko ɗaya don ka sassauta, domin in ta gano saura daga baya ba za ta ƙara yarda da na farkon ba. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi na kwanaki. Tana da gaskiya, ka ƙyale ta ta yi. Sarƙarta bashi ce a kanka kamar ta kowa, dukiyar mace tata ce. Ka rubuta mata a gaban shaidu, kuma da nauyin gwal ɗin za ka rubuta, giram nawa ne, wane iri ne, ba dubu 600 ba, don kuɗin da ka sayar da ita ba zai sayo irinta yau ba. In ta ga dama daga baya ta yafe, wannan kyautarta ce. Kai dai kada ka nema.

Washegari sai yayanta. Wanda ya tsaya wa mai cin bashi ba shaida ba ne kawai, ya ɗauki alkawarin biya ne in ka gaza, kuma banki na iya juyawa kansa kai tsaye. Mutumin nan ya sa hannu ne saboda ƙanwarsa da kuma yarda da kai. Mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne kada wasiƙar banki ta riga ka isa gidansa. Ka je da kanka, ka nemi ya raka ka bankin. Zuwanku tare zai ƙara wa maganarka nauyi.

Sai maigidanka, wanda ya fi kowa binka, wanda kuma nake jin ka fi jin kunyarsa. Shekara 11 kuka yi tare. Ya san kasuwar nan tun kafin ka san ta, ya ga waɗanda suka karye suka tashi, ya ga waɗanda suka gudu. Ina kyautata zaton ya riga ya gane halin da kake ciki, jira yake ya ga wane iri ne kai. Kada ka tare shi a shago cikin mutane. Ka same shi a gida, ka tafi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ko limaminku ko wani daga shugabannin layinku. Ka kai masa littafinka, ka ce ga abin da ya rage, ga abin da nake bi, ga waɗanda ke bina. Kayan da ke shago waɗanda nasa ne, ka ce a ƙirga a mayar masa a rage daga bashin. Wannan ba sabon abu ba ne a fiƙihun da muka tashi a kai. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ce wanda ya tarar da hajarsa ita kanta a hannun wanda ya karye, yana da zaɓi ya ɗauki abarsa ko ya shiga rabo da sauran masu bi. A nan ne kuma aka ce ba a tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. A Sahihu Muslim akwai mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, bashi ya yi masa yawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka tara masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya ce wa masu binsa su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. A Bukhari kuma Annabi ya yi wa Ka'abu bin Malik nuni da ya sauke rabin bashin da yake bin wani sahabi, sannan ya ce wa sahabin ya tashi ya biya sauran.

Sai dai ba kai za ka karanta wa maigidanka waɗannan ba. Wanda ake bi ba ya yi wa mai binsa wa'azin haƙuri, shi ya sa na ce ka tafi da dattijo. Naka shi ne gaskiya da tayi. Hadisin da ya shafe ka shi ne wanda ya ce duk wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, da wanda ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Ma'ana ranar da ka samu, ko kaɗan ne, ba ka da uzurin riƙewa. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma a kasuwanninmu har yau sai a ba da kayan miliyoyi a kan "Allah Ya kai mu", sai rigima ta tashi kowa ya kawo nasa lissafin.

Takarda ɗaya za ka nuna wa kowa. Abin da ke harzuƙa masu bin bashi shi ne zargin ana biyan wani a ɓoye ana barinsu. In kowa ya ga adadi ɗaya da tsari ɗaya, rabin faɗan ya mutu.

A ganina, kuɗin farko da ka karɓo daga masu riƙe maka su tafi wuri biyu. Na ɗaya adashi, domin masu zubin nan ba banki ba ne, mutane ne irinka, wani kuɗin hayarsa yake jira, wata kayan ɗakin 'yarta. Ka samu mai riƙe da adashin ka faɗa masa gaskiya, ku tsara zubi ƙarami da ba zai yanke ba. Na biyu manhajojin waya, don su ne mafi ƙanƙanta, mafi saurin kumbura, mafi tozartawa. Ka biya abin da ka karɓa ta asusun kamfanin, ka ajiye shaidar biya, ka goge su daga wayarka. Saƙonnin ɓatancin da suka tura kuwa, ka ɗauki hotonsu ka adana. Bin bashi bai ba kowa izinin shiga lambobin wayarka ya kira ka ɓarawo ba. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ita ke yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista tana karɓar ƙorafi a kansu, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ka kai ƙara. Waɗanda saƙon ya je musu, layi biyu ya ishe su: na ci bashi, ina biya, ku yi haƙuri da damun da aka yi muku. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma za ka sha mamakin yawan waɗanda za su ce maka su ma an taɓa yi musu.

Miliyan ɗaya da dubu 100 da kake bi, ka daina jin nauyin tambaya. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da littafi. Wanda zai iya biya nan take in an rage masa wani abu, ka rage ka karɓa. Wanda yake da hali ya ƙi, akwai shugabannin kasuwa, akwai Hisba da ke sulhu, akwai kotunan ƙananan basussuka da aka kafa a Kano don irin wannan. Wanda kuma ya karye kamar kai, ka saurara masa yadda kake so a saurara maka.

Akwai haƙƙin da 'yan kasuwa da yawa ke jin kunyar karɓa. Cikin mutum takwas da Suratut Tauba, aya ta 60, ta ce a ba zakka, akwai waɗanda bashi ya danne. Wanda ya ci bashi a kan sana'ar halal ya gaza biya yana cikinsu, ko da yana sanye da shadda. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, akwai kuma attajiran Kwari da ke fitar da zakka duk shekara suna neman inda ta dace. Ba sai ka bi ƙofa-ƙofa ba. Dattijon da ya raka ka wurin maigida zai iya kai maganarka inda ya kamata cikin sirri.

Game da shago, ka yi lissafi da idon basira. In kuɗin haya da na ɗawainiyarsa sun fi abin da yake kawowa, ka sake shi, ko ka raba da wani ku haɗa haya. Shekara sama da goma a Kwari ta bar maka abin da bashi bai taɓa ba: ka san kaya, ka san farashi, ka san baƙin da ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru da garuruwan Arewa. Da wannan ake dillanci, a haɗa mai saye da mai kaya a karɓi la'ada ba tare da jari ba. Mutane da yawa yanzu hoton kaya kawai suke turawa ta WhatsApp, in an biya su ɗauko a shagon wani su aika. In maigidanka ya ce ka dawo ƙarƙashinsa ana cire wani abu daga rabonka, ka karɓa hannu biyu. Za a yi magana a layi, mako biyu ne a koma zancen wani. A gida ma ku zauna da matarka ku rage abin da za a iya ragewa, gudummawar biki da ankon da ba dole ba su tsaya tukuna, amma abinci da karatun yara da kuɗin haya su ne gaba da kowane mai bin bashi. Kada ka yi wa kowa alkawarin adadin da zai sa gidanka ya kwana da yunwa, domin wata biyu za ka yi ka karya shi, ka koma inda ka fito.

Saura yaronka. Ba raina ka ya yi ba, tsoro ne ya kama shi. Ya karanta kalmar da shi ma bai gama fahimta ba, yana jin kamar za a zo a tafi da mahaifinsa, ga shi ba shi da wanda zai tambaya tunda ya ga kana ɓoyewa. Bayan ka yi magana da mahaifiyarsa, ka kira shi ku zauna. Ka ce masa kasuwa ta faɗi, ana binka kuɗi, ba ka saci na kowa ba, babu mai kama ka, kuma manya suna kan maganar. Ka gode masa da ya karanta maka, ka ce ya mayar da hankali kan karatunsa. Wasiƙun da za su zo nan gaba kuma ka kai wa babba ya duba maka, kada ka ƙara ɗora wa yaro wannan nauyin.

Idan ka karɓo bayanin asusun daga banki, ka rufe sunanka da lambar asusun ka turo mini hotonsa, mu bi shi layi-layi mu ga abin da ya kamata ka nemi a cire. Ka kuma gaya mini abin da likita ya ce. Allah Ya biya maka, Ya sanya albarka a abin da ya rage.